Yadda Muka Ɗauko Bakin Teku a Ka

Kai Sagir, na ji ka. Kada ka ga ina hura shayi ka ɗauka kunnena ya yi ritaya. Cewa ka yi aikin Kawu Ilu shebur ne da tifa, ko jaki aka ba wa zai iya. To sannu, Shehi. Kai da ka daɗe a unguwar Hayyus Sabi' nan Alƙahira amma har yau ba ka tsallaka titi sai ka raɓe a bayan wata tsohuwa, kai ne za ka raina yashi? Ku jawo kujeru ku duka. Ya Hamada, shayi ga ustazan nan, ka cika sukari, ko kansu ya buɗe.

Ni ma karatu na zo yi garin nan, da akwatin ƙarfe da hula kamar kowa. Nahawu ya kama ni ya maka da ƙasa. Na tashi na karkaɗe riga, ya sake makawa. A karo na uku na ce masa ya isa, ka ci gari, sai wata rana. Mai gadin gidanmu ne ya haɗa ni da Mu'allim Fathi, mai filin sayar da yashi a hanyar Suwes, in ka wuce Madinat Nasr. Gajere ne mai tumbi, in ya daka tsawa tifar da ke tafiya da kanta take taka birki.

Ranar da na fara, bai ba ni shebur ba. Tsibin yashi ya nuna mini guda uku, ya ce wanne ne na kankare, wanne na filasta, wanne ne wanda za a kai mu kotu a kansa. Na ce Mu'allim, ai duk yashi ne. Ya dube ni kamar na zagi kakarsa. Ya ce, "Buɗe bakinka." Na buɗe, ya ɗebo ya zuba mini a harshe. Gishiri! Ya ce wannan shi ne na kotu: ka zuba shi a gini, ya cinye rodi daga ciki, bango ya riƙa zubar da hawaye, wata rana bene ya zauna a kan mutane. To kayan aikinmu ke nan. Akwai shebur, gaskiya ne, akwai rariyar waya. Amma akwai harshe. Akwai tafin hannu: ka dunƙule yashi mai danshi ka buɗe, in ya bar maka shati akwai laka a ciki. Akwai kwalba: ka zuba yashi da ruwa ka girgiza ka ajiye, laka ta kwanta a sama ta tona asirin mai kaya. Har kunne yana aiki, don yashin kankare na gari in ka murza shi kusa da kunne yana ƙara kamar ana tauna aya. Wallahi yashin da harshena ya ɗanɗana a garin nan ya fi kosharin da na ci yawa, shinkafa da taliyar nan tasu.

Wata madam a Tagammu', unguwar masu kuɗi, ta taɓa sa muka kai mata yashin wasan yara. Ta fito da farin safar hannu ta shafa, ta duba, ta ce ya yi ƙura. Muka wanke. Ta ce ya jiƙe. Muka shanya. Ta ce ya yi zafi. Na ce madam, saura mu saka masa fanka. Kwastomomin yashi ke nan. Magini yana so ka ba shi mai arha ka rantse mai tsada ne, mai dawaki a unguwar Haram, wajen dalar Fir'auna, yana son wanda ba ya cin kofato, kowa da irin nasa ciwon kan.

Shekarar thawra, wato juyin juya hali, kuna gida kuna kallo a talabijin kuna cewa Masar ta ƙone. Mu kuwa masu yashi a farko kakarmu ce ta yanke saƙa. Babu mai duba gini, kowa ya tashi ya ɗora bene a kan bene. Ka kwanta gidan maƙwabcinka hawa huɗu, ka tashi ka ga ya tare maka rana. Amma daɗin bai daɗe ba. Man gas ya ɓace, tifa ta riƙa kwana a layin gidan mai har direba ya manta sunan 'ya'yansa. Aka zo aka sa dokar hana fita, manyan ayyuka suka tsaya cak, hanyar hamada ta cika da masu tare mota. Mu'allim ya fara sayar da tifofi ɗaya bayan ɗaya, har saura guda, tsohuwar da muke kira Aziza. Wani dillalin motoci, dogo mai zoben azurfa, ya fara zarya a filin yana ƙwanƙwasa tayarta. Mu'allim ya ce mini, "Ilu, in wani aiki bai zo ya tsaya ba, Aziza za ta tafi, in rufe ƙofa." In Aziza ta tafi babu fili, in babu fili babu Ilu mai yashi. Da furfurata zan koma aji in sake gaisawa da nahawu? Allah ya kiyaye.

Ana cikin haka sai ga waya daga wani mai otal a wani ɗan tsibiri a Bahar Maliya, can wajen Gardaƙa. Ba zan faɗi sunansa ba, Basha muke ce masa. Tsibirin irin wanda dutsen murjani ya kewaye ne. Matsalarsa, bakin tekun da ke gaban ɗakunan baƙi ya tsere. Da farin rairayi ne shimfiɗe, yanzu sai dutse tsirara mai haƙora. Masu yawon buɗe ido dama sun yi ƙaranci a shekarar, kuma ɗan abin da ya rage ba zai biya kuɗi ya zo ya kwanta a kan dutse ba. Yana son rairayi fari, yana so da sauri.

Muka ce ai wannan tuwonmu ne. Muka je wurin haƙa muka zaɓo farin rairayi mai laushi kamar garin alkama, muka tankaɗe, muka loda wa Aziza, muka bi hanya tana tari muna lallashi. A tashar jiragen ruwa, kafin mu juye a kwale-kwalen dako, sai ga wata mata da hular rana da takalmin roba ta tare mu. Duktora Samiya, cikin masu kula da tekun. Ta ɗebi rairayinmu ta murza, ta ce, "Wannan daga ina, ya Hajj?"

Na gyara tsayuwa na ce, "Daga wuri mafi tsafta a Masar, ya Duktora. Sarakuna ma ba su taka irinsa ba."

Ta ce, "Ko cokali ɗaya ba zai sauka a tsibirin nan ba."

Mu'allim ya daka tsawarsa. Jiragen tashar duk suka girgiza, ita ko gira ba ta ɗaga ba. Ta sa aka kawo mata lemun tsami daga wurin mai shayi. Ta matsa a kan namu, shiru. Ta ciro ɗan ƙullin rairayin tsibirin daga aljihu ta matsa, sai ga shi yana kumfa yana huci. Ta ce, "Kun gani? Ba danginsu ɗaya ba. Naku ɗan hamada ne. Ku zuba shi, ƙurarsa ta gauraye ruwa ta kwanta a kan murjani ta shaƙe shi. Murjani kuwa halitta ce mai rai. In ya mutu, babu abin da zai tare igiyar ruwa, ba rairayi kaɗai ba, har otal ɗin sai teku ta ci."

Na ce, "To Duktora, shi wannan mai kumfar, a ina ake haƙarsa? Ki nuna mini wurin in je da shebur."

Ta yi dariya ta ce, "Ka iya ruwa?"

Na ce kamar kada. Ƙarya nake, ni ɗan Haɗeja ne da ya tashi yana kallon kogi daga kan gada.

Ta sa aka fita da mu a ƙaramin jirgi, ta ba ni gilashin da ake sawa a fuska. Na rungume tsanin jirgin da hannu biyu da ƙafa biyu, na tura fuskata kaɗai cikin ruwa. Jama'a! Kasuwa ce a ƙasa, ta fi kasuwar Ataba cika. Sai na ji ƙurus, ƙurus, ƙurus, kamar tsohuwa na cin ƙanzo. Na duba, wani kifi ne kore da shuɗi, bakinsa sak na aku, harid suke ce masa. Ya kafa baki a dutsen murjani yana ƙwaƙula yana haɗiyewa. Ya ɗan juya, sai na ga ya saki wani farin hayaƙi ta baya, ya bazu, ya sauka a ƙasa.

Na ɗago na ce, "Duktora, kifin nan ba shi da lafiya, zawo yake."

Ta ce, "Wannan shi ne rairayin da kake tambaya. Gansakukar da ke jikin dutse yake ci, dutsen ya niƙe a cikinsa ya fito gari."

Na ce, "Tsaya, tsaya. Wato Turawan nan da ke hawa jirgin sama su zo su kwanta, su birgima, su binne 'ya'yansu har wuya a ciki..."

Ta ce, "Shi ne."

Na yi dariya har na kusa sakin tsani. Kai Sagir, rufe baki, kai ma na ga hotonka a bakin teku kana zuba shi a ka.

Ta ce ba kifi kaɗai ba ne. Igiyar ruwa tana farfasa mataccen murjani, ga ɓawon katantanwa da na wasu ƙananan halittu, duk ana niƙa su dare da rana. Ruwa ya turo garin zuwa gaɓa, iskar arewa kuma ta riƙa tafiyar da shi a gefen tsibirin, daga arewa zuwa kudu, a hankali a hankali. Wanda teku ta kwashe yau, gobe wani ya maye gurbinsa. Nan take na gane, don a gida haka kogi yake: ku kwashe yashi da rani, damina ta cika muku, sai dai in wani ya datse ruwa daga sama. Na ce, "To wa ya datse?"

Ta nuna da yatsa. Basha ya gina wata doguwar gadar dutse daga gaɓa zuwa cikin ruwa don jirage su riƙa tsayawa, toshe take ɗam, ko ƙadangare ba zai wuce ta ƙasa ba. Muka zagaya arewacinta. Ga rairayin Basha nan gaba ɗaya, ya taru ya yi tudu yana jiran a buɗe masa hanya. Ba sace shi aka yi ba, a ƙofar gida aka tsare shi.

Duktora ta ce ta yarda a kwashe wannan a mayar gaban ɗakuna, kuma a huda gadar ta wajen gaɓa don mai zuwa ya samu hanya. Amma babu inji, babu mota, babu taka murjani. Ga kuma inda gizo ke saƙar: tsakanin tudun da gaban ɗakuna akwai wani hancin dutse da ya shigo cikin ruwa, ba ya hawuwa. Jirgi ba zai bi ba, cikinsa zai karce murjani. Baro ba zai bi ba. Hanya ɗaya ce, wata 'yar siririyar shimfiɗar rairayi a cikin ruwa da ta zagaye hancin, sai da ƙafa.

Basha ya ji za a taɓa gadarsa ya kusa suma. Da ya dawo hayyacinsa ya ce ya yarda, amma da sharaɗi: ba zai karɓi aiki ba sai babbar iskar hunturu ta kaɗa ya ga rairayin ya kwana. In teku ta kwashe, mun yi wa kifi aiki. Mu'allim ya sayar da rairayinmu ɗan hamada ga wani magini a Gardaƙa, ya buga wa dillali waya ya ce ya ƙara haƙuri zuwa bayan iska.

Muka gwada da leburorinmu, mutanen Sa'id ta kudancin Masar, ƙarti masu ƙarfin raƙumi. Su a kafaɗa suke dako, da kwandon roba. To ruwa ba sa'an kwando ba ne. Igiya ta ɗan bugi mutum, kwando ya karkace, rabin kaya ya bi ruwa, Duktora ta hura usur. Na ce ku ɗora a ka mana. Babbansu ya dube ni ya ce, "A ka? Ni mace ce mai ɗaukar tulu? In labari ya kai ƙauyenmu, wa zai ba ɗana mata?" Na lallasa, na roƙa, ina! A wurinsu namiji ba ya ɗaukar kaya a ka, ko za a yanka shi.

Sai na tuna inda na baro maza masu wuya. Na hau mota na dawo Alƙahira, na zo gidan shayin nan, wannan teburin da kuke zaune. Lokacin an rufe makarantu saboda rikici, yayyenku suna zaune suna ƙirga ƙudaje. Na hau kujera na ce, wa ke son zuwa Bahar Maliya, ci kyauta, kwana kyauta, ga ɗan abin sawa a aljihu? Gidan shayi ya tashi gaba ɗaya. Wani dogo ɗan Maraɗi, Mamman Lawali, wanda tun yana yaro yake ɗaukar damin gero, shi kaɗai ya yi tambaya. Ya ce, "Kawu, ruwan ya kai ina?"

Na ce, "Idon sawu."

Na biya Ataba na sayo kwanonin dako da rigunan da ke hana nitsewa, muka ɗunguma. Tsofaffin tawul na otal muka naɗe muka yi gammo. Duktora ta ja igiya biyu a cikin ruwa, ta ce tsakaninsu kaɗai za a taka. Mamman Lawali ya ɗora kwano ya shiga gaba. Ruwa ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, ya taɓa ƙirji. Ya tsaya ya juyo a hankali, kwano bai ko motsa ba, ya ce, "Kawu Ilu, idon sawun wa? Na raƙumin dawa?"

Na ce, "Ma'alish, yi haƙuri ɗana, ai ba ka tambayi na wa ba. Yalla, mu je!"

Ku da kuke cewa aiki ne mai sauƙi, ku saurara. Jiƙaƙƙen rairayi cike da kwano ya fi buhun siminti mugunta. Kana tafe ruwa na ture ka, ƙasa na zamewa, ba ka ganin ƙafarka, kuma ba ka da izinin zubar da ko tafi ɗaya. Wuya ce ke aiki, ƙugu na rawa, kai yana tsaye kamar an kafa shi. 'Yan birnin cikinsu, masu cewa ai ɗaukar kwano ne kawai, kafin azahar wuyansu ya shige cikin kafaɗa, sai da muka jawo shi da man zafi. Sai ruwa ya janye muke shiga, in ya dawo mu fito mu yi sallah mu ci wake da gurasa. Da suka saba, don kada ƙafa ta saɓa, sai suka fara rera baitocin nahawunsu, na gaba ya ja na baya su amsa. Na ce oh ni Ilu, abin nan har cikin teku ya biyo ni!

Su kuma mutanen Sa'id muka ba su guduma da kurfi, suka huda gadar wuri-wuri ta wajen gaɓa, aka shimfiɗa katako a sama. Suna aiki suna satar kallon layinmu. Wata rana da hantsi na hango wani a tsakiyar layi da gammo, ya rufe fuska da rawani. Na matsa, ashe babbansu ne. Ya ce, "Gwadawa nake. In ka faɗa wa wani, ni da kai ne." To ga shi na faɗa, amma ban faɗi ƙauyen ba.

Haka muka yi ta yi, kwano bayan kwano, har dutsen mai haƙora ya rufe, bakin teku ya dawo fari ƙal. 'Yan baƙin da ke otal ɗin suka riƙa ɗaukar mu hoto, na tabbata yanzu fuskar Mamman Lawali tana rataye a falon wata tsohuwa a Turai. Muka tattara muka dawo Alƙahira. Saura iska.

Ta zo kuwa. Da safe ta fara, tagogi na bugawa, ledoji na tashi sama da benaye, allunan shaguna na faɗowa. Ta yi kwanaki ba ta huta ba. Na ce in nan haka ne, a tsibiri ai har Basha ta ɗauke. Muka buga waya, ba ta shiga. Ranar da ta lafa, tun da hantsi sai ga dillali a fili, da makanikensa. Ya ce, "Ya Mu'allim, iska ta kaɗa, ta gama. Alkawari." Makanike ya buɗe bakin Aziza ya tura kai. Mu'allim ya ciro makulli ya ɗora a kan tebur, ya ajiye hannunsa a kai.

Sai waya ta yi ƙara. Basha ne, kuma ihu yake, har mu da ke nesa muna ji. Na ce shi ke nan, teku ta yi mana sata. Mu'allim ya buɗe muryar kowa ya ji.

"Ya Fathi! Me kuka yi mini? Rairayi yana ta ɓulɓulowa ta ramukan gadar nan! Ya binne mini ƙafafun kujeru, ya kai matakalar wurin cin abinci! Wa zai share? Ka turo mini dogon nan da mutanensa! Kuma maƙwabcina na tsibirin gaba yana nan tsaye a kaina, ya ce nasa ma ya tsere, yaushe za ku zo?"

Mu'allim ya kashe waya. Ya ɗauki makulli a hankali ya mayar aljihu. Ya ce wa makanike, "Fito da kanka daga bakin matata." Ya juya wurin dillali ya ce, "Ka sha shayi, maigida. Mota ba ta sayarwa ba ce."

Dillali ya fara kumfar baki, wai an ɓata masa lokaci, wai ya bar aikin gininsa ya zo. Ni kuwa da na ji kalmar gini sai kunnena ya miƙe. Na ce, "Gini kake? A ina? Wa ke ba ka yashi? Ka taɓa ɗanɗana shi?" Na kama hannunsa mai zoben, na ja shi gaban tsibi, na ce buɗe bakinka.

Mutumin da ya zo sayen Aziza, da la'asar Aziza ce ta bi shi gida da yashi.